Tambarinmu a Gonar Edivaldo

Uruçuca, Afrilu

Valdirene tawa,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Yaya mai jego, da jikan namu da aka ce ya ɗauko hancina? Allah ya ba shi haƙuri.

Yayanki Edivaldo yana kan bakansa: a sare itatuwan kokon da babanku ya bar muku, a zuba shanu. Wai cutar tsintsiyar mayya ta cinye gonar, ni kuma littattafai sun cinye ni. Na nuna masa fumfunar da Dakta Iracema ta kawo daga cibiyar bincike, koriya shar a jikin shinkafa, wadda ke kashe cutar. Ya sansana, ya ce, "Suruki, a gidanmu kaji ake zuba wa wannan."

Mun dai shirya. Na fesa ta a kan tarin rassan da muka datse. In ta rayu har ruwa ya lafa, itatuwan sun tsira. In ta mutu, ni zan wasa masa gatari. Ya ce yaya za a gane tamu, tunda daji cike yake da danginta? Dakta ta ce tamu tana da tambari a ƙwayar halittarta, kamar na cinyar shanunsa.

Mijinki,
Aristeu

Uruçuca, Agusta

Valdirene tawa,

Ina fatan kuna lafiya, yaron kuma ya fara barinku ku runtsa.

Dakta ta ɗebi rassa a gonarmu, ta ɗebi na gonar kokon Edivaldo ta kansa da ke hayin rafi don kwatance, tunda shi bai fesa komai ba. Tambarin ya fito a tamu. Ya fito a tasa ma, har ya fi.

Ya ce iska ce. Na tuna masa iskar teku daga wajensa take busowa. Matarsa Neide ce ta fasa ƙwan: ashe ya riƙa loda wa alfadarinsa rassanmu, wai itacen girki, ɗanyu jagab, yana jibge su a gindin kokonsa.

Ranar Lahadi ya zo cin wake da nama. Bai ambaci shanu ba. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa, ya ce, "Suruki, akwai sauran abincin kajin nan?"

Itacen kokon da ke bayan ɗakin girki, wanda babanku ya dasa ranar haihuwarki, ya yi 'ya'ya. Na hana kowa taɓawa sai kin dawo.

Mijinki,
Aristeu