Ta Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Farfesa ya dawo mini da babi na huɗu, ya sha jan biro kamar an yanka kaza a kai. Shekara biyar ina fama da digiri na uku kan yadda shugabannin jami'a ke sauraron ƙananan ma'aikata, amma mutumin nan bai taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Wuri ɗaya kawai ya yaba, hirar Ta Bakwai. Ya ce ita ce ran aikin, ita zan karanta a semina.

Malama ce a sashen kimiyya, ’yar kwantiragi, duk shekara sai an sabunta mata. Na cire sunanta na sa lamba kamar sauran. Ran da muka yi hirar sai da ta sa na rantse. "Yaya, yara uku ne a wuyana, kar ki tona mini asiri." Na ce haba, ai ƙa'idar bincike ma ta hana.

Alhamis, 6 ga Maris

Baban yara ya ce tunda kundin nan ya girmi Auta, a ɗinka masa yunifom su riƙa tafiya makaranta tare. Ban yi dariya ba, ya ji haushi.

Laraba, 12 ga Maris

Semina. Innalillahi. Yau ba zan iya rubutawa ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ɗakin ya cika, fanka ɗaya ke aiki. Na karanta maganarta yadda ta faɗa, kalma da kalma, don haka aka koya mana. Ta ce wata rana ta zo taron sashe da jaririnta a goye saboda mai reno ba ta zo ba, shugaban sashe ya ce ta tsaya a baranda, aka raba kwasa-kwasai tana jiyowa ta taga.

Ban rufe baki ba na ga kawuna suna juyawa baya. Ta Bakwai tana layin ƙarshe. Shi kuma shugaban sashen yana gaba, ko waiwayawa bai yi ba, biro kawai ya buɗe.

Ni da nake ofishin jarrabawa, a wani ginin daban, ina na san kowa ya san labarin goyon nan? Na ɓoye suna, na bar jariri. Wallahi kunya kamar in nitse.

Talata, 25 ga Maris

Ta Bakwai ta zo ofis. Ba ta zauna ba, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kwamiti zai zauna kan kwantiraginta ran tara ga wata mai zuwa. "Ba ƙarya na ce ki yi ba, Yaya. Ki zo kawai ki gaya musu ke kika roƙe ni, da izinin jami'a, kuma an yi mini alkawari." Na ce zan zo, in Allah ya yarda. Na ma riƙe hannunta.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na gaya wa Farfesa zan je gaban kwamitin. Ya cire gilashi ya kalle ni kamar na zo masa da wari.

"Kar ki sake. Shugaban sashen nan yana cikin masu jarraba ki. Mai bincike ba ya tsoma kansa cikin abin da yake bincike."

Shi da ya ce in karanta! Yanzu wai in goge wurin, in rubuta cewa wasu ma'aikata na ganin akwai buƙatar ƙarin tuntuɓa. Na fito ina zaginsa a zuci har bakin mota.

Baban yara ya ce in yi abin da zan iya kwana da shi. Taimako ke nan wai.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ban je ba. Kaina ke ciwo. Da gaske ya yi ciwo.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ba a sabunta mata ba. Wai rashin haɗin kai da abokan aiki. Na hango ta daga sama tana saukowa da kwali, takalman shiga lab a kai, ƙaramin yana riƙe da gefen mayafinta. Ashe jaririn har ya fara tafiya.

Na bi ta ɗayan benen. Ya fi kusa da inda na ajiye mota.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na kare kundi, na wuce da ’yan gyare-gyare. Shugaban sashen nan ne ya fi kowa yabo, ya ce babi na huɗu akwai dattako. Inna ta kira tana kuka, tana ta Dakta, Dakta. Auta ta tambaya ko yanzu zan riƙa yin allura.

Na ci abinci sosai. Abin da ya dame ni ke nan, na ci sosai.

Litinin, 15 ga Satumba

Sabon ofis, an ɗaga ni. Akwai labule, ƙofar tana da makulli.

Wata ɗaliba ta zo, digiri na uku take yi, tana son hira kan yadda ake yanke shawara a nan. Yarinya mai ladabi, sai zumuɗi, ta ajiye rikoda a tebur tana mini bayanin za a ɓoye sunana. Har lamba ta ba ni.

Na ce ta kashe abin nan tukuna. Sannan na gaya mata mu nan alhamdulillahi, ƙofar shugabanni a buɗe take, sai dai a ce akwai buƙatar ƙarin tuntuɓa.

Ta rubuta. Da za ta fita na ce ta ja mini ƙofar.