Gwiwa Mai Bakin Tagulla

Litinin, 10 ga Yuli, 2017
Kayan Kawu Zali sun iso Jidda! Karon farko ke nan da ya yi odar kayan famfo da kansa, baki har kunne don murna. Amma mukhallis, mai fito masa da kaya daga kwastan, ya ce sai an ware na roba daban, na ƙarfe daban, don kowanne da ajin harajinsa. Kawu ya ce, "Abdulwahab, kai ne mai karatu, yalla, maza ka ware su." Ni ɗalibin fiƙihu, hutuna zai ƙare a shagon famfo a unguwar Hindawiyya. Na amsa ne don kunya.

Laraba, 12 ga Yuli
Da samfuran da aka aiko na yi aiki. Bututu da soket ɗin haɗa su duk roba ne, an wuce wurin. Sai ga wata koriyar gwiwa, lanƙwasasshen mahaɗin bututu, jikinta roba, bakinta tagulla. Ina za ta? In kaya ba su fito ba, gidajen alhazai da Kawu ya karɓi gyaransu a Aziziyya za a ba wani.

Alhamis, 13 ga Yuli
Na gano! Mas'alar ruwan da ya gauraya da wani abu ce, hukunci na bin wanda ya rinjaya. Na yanka ɗaya da zarto, na auna a sikelin mai dabino na kusa da mu. Tagulla ta fi nauyi. Na ce ƙarfe ce, har da tsalle.

Lahadi, 16 ga Yuli
Kwastan sun riƙe kayan, wai ajin da na sa gwiwar ba shi ba ne. Kawu bai yi faɗa ba, "Ma'alesh" kawai ya ce, wato ba komai. Gara ma ya zage ni.

Talata, 18 ga Yuli
Na bi Kawu aiki, na ga ana narkar da gefen robar gwiwar ana haɗa ta da bututu. Ashe robar ce gwiwar, ita ke juya ruwa, tagullar wurin ɗaura kan famfo ce kawai. Na kira mukhallis na gaya masa roba ce. Ya ce, "Ɗayyib, zan gyara."

Lahadi, 23 ga Yuli
Sun fito! Kawu ya rungume ni a gaban mutane, ya yanka mana kankana.

Juma'a, 28 ga Yuli
Har yanzu ina cewa sana'ar ba tawa ba ce. Yau wurin alwala a Misfala na ga famfo yana ɗiga, na tsuguna na leƙa ƙasansa. Gwiwar ce, rabin inci. Sai da aka ta da iƙama na tuna ban wanke ƙafa ba.