Ruwan da nake zuba wa Baba a kai

Goggo, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerata ya san bakina ba ya hutawa. Matata cewa take ko a barci labari nake bayarwa. Amma ga shi yau magana ɗaya tak ta gagare ni faɗa, ta hana ni cin abinci, ta sa hannuna rawa a kan ƙeyar mutane.

Akwai wani dattijo da nake yi wa aski tun ranar da na buɗe shagona. Tsohon makaniki ne. A shago Baba Musu muke ce masa, domin ko cewa ka yi hadari ya haɗo, sai ya tashi da kumfa a gemu ya leƙa waje ya gani da idonsa. Baba ba ya bin addinin kowa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Marigayiya matarsa kuwa 'yar Katolika ce kamar ni, cocinmu ɗaya. Shekara da shekaru shi ke kawo ta sujada ranar Lahadi, ya sauke ta a bakin ƙofa, ya buɗe gaban motarsa yana 'yan taɓe-taɓe har a tashi. Bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Ko ranar jana'izarta a nan bakin ƙofar ya tsaya da hularsa a hannu. Ba a taɓa yi masa baftisma ba. Shi da kansa yakan faɗa yana dariya, wai ruwan da ya taɓa kansa na wanka ne kawai da na mai aski.

A bana ciwo ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, amma yana ji, yana kuma gane mutane sarai. 'Yarsa ta fari, wadda muke kira Anti, ita ta ɗauke shi zuwa gidanta, kuma ita ta roƙe ni in riƙa zuwa ina gyara masa kai da gemu, don bai yarda da hannun kowa ba sai nawa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, gadon ƙarfe, rediyo a gefen matashi, tagar tana kallon igiyar shanya, ga warin man zafi ko'ina.

Ranar farko Anti ta tare ni a bakin ɗakin tun kafin in ajiye jakata. Ta ce ta san ni mutumin coci ne. Ta ce lokacin da mahaifiyarta ke kwance, wasu mata sun zo yi mata addu'a, suka ƙare da gaya mata cewa mijinta ɗan wuta ne muddin bai tuba ba, kuma tsohuwar ta yi ta kuka a kan wannan maganar har ta cika. Saboda haka duk ranar da na yi wa babanta zancen addini, ranar ce ta ƙarshe da zan taka gidan. Na ce mata to. Goggo, me zan ce? Matar nan ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, duk ta rame.

Ina nan ina lallaɓawa, sai Fada, limamin cocinmu, ya yi wa'azi kan cewa kowane ɗan Katolika ɗan aike ne, ba firistoci kaɗai ba, kuma wanda ya san hanya ya yi shiru za a tambaye shi. Wallahi ji na yi kamar da ni kaɗai yake a cocin. Na tuna duk shekarun da kan Baba ke hannuna. Mun yi musun ƙwallo, mun yi na siyasa, mun yi na wace mota ta fi ƙarko, har gulmar maƙwabta mun yi, Allah ya yafe mana. Sunan Yesu bai taɓa fita daga bakina a gabansa ba, don tsoron kada ya mai da ni abin dariya a cikin shagona. Bayan an tashi kuma na ji katikis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, yana gaya wa wasu cewa in mutum yana bakin mutuwa kuma babu Fada kusa, kowa na iya yi masa baftisma, ruwa ne kawai da kalmomin nan da muka sani.

Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba. Kin ga, in na gama aski, nakan sa ƙaramar roba a ƙarƙashin wuyansa, in tallafi ƙeyarsa da hannun hagu, in zuba masa ruwan ɗumi da kofi. Yakan lumshe ido don daɗi. Anti tana can kicin. Wa zai sani? Ruwa a hannuna, kai a hannuna, kalmomi a bakina.

Zuwana na ƙarshe na yi niyya. Na ɗebo ruwan, na sunkuya, na fara zubawa, leɓena har ya fara motsi. Sai ɗan gicciyen da ke wuyana ya zamo daga cikin riga, yana lilo a saman fuskarsa. Baba ya buɗe ido, ya kai hannunsa mai lafiya ya damƙe gicciyen, ya kafe ni da irin kallon nan nasa na shago. Bai saki ba. Sai kofin ya suɓuce mini ya jiƙa matashi. Anti ta shigo a guje, na ce mata santsin sabulu ne. Ban ƙarasa ba, ko kalma ɗaya ban furta ba.

Yanzu ban san me riƙon nan yake nufi ba. Cewa yake in yi, ko cewa yake ya kama ni? Likita ya gaya wa Anti su shirya zuciyarsu. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in yi maza in duba ko Anti ce, ko ina tsakiyar aski. Ina tsoron ya tafi haka a tambaye ni. Ina tsoron Anti ta kore ni ya mutu ban gan shi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, wanda ko matata ban gaya wa ba, shi ne in tambaye shi ya girgiza kai. Yanzu dai ina da ɗan abin riƙewa, in ya ce a'a fa? Gemunsa ya sake tohuwa, an aiko in je. Goggo, in yi a ɓoye ko in bari?

Ɗanki, Mai Askin da Hannunsa ke Rawa

*

Ɗana, ka bari. Wannan kofin ka ajiye shi, kuma ka gode wa Allah da ya suɓuce maka.

Katikis ɗinku bai yi ƙarya ba, rabin zancen ne kawai ya shiga kunnenka. Babban mutum mai hankalinsa ba a yi masa baftisma sai yana so. In ba ya iya magana, ko da ido ko da hannu ne sai ya nuna. In bai so ba, to wanka ka yi masa, kuma ka ci amanar mutumin da ya miƙa maka wuyansa alhali reza na hannunka. Ka je ka tambayi Fada tun kafin ka koma gidan, zai gaya maka haka.

Ban raina tsoronka ba, ƙauna ce ta haife shi. Gaskiya ne an aike mu, dukanmu, kuma shirun da ka yi a shago don gudun dariya ba abin yabo ba ne. Amma aikinmu mu faɗa, mu nuna, mu gayyata. Ba a ce mu sato mutane ta taga ba. Kuma ka daina yi wa kanka kallon mai riƙe da makullin sama. Hukuncin Baba ba a hannunka yake ba, ba kuma a hannun matan nan da suka sa matarsa kuka ba. Ikilisiya ba ta taɓa koya mana cewa jinƙan Allah ya tsaya iya inda ruwanmu ya kai ba. Mutumin da ya yi ta kai matarsa sujada yana jiranta a rana, Allah ya ga wannan ma, ya kuma san abin da ke zuciyarsa fiye da ni da kai.

Sai batun Anti. Ba maƙiyiyarka ba ce, 'ya ce da aka yi wa rauni da sunan addininmu. Ka yi mata alkawari, don haka ita za ka fara samu, ba a tsaye a bakin ƙofa ba, a zaune. Ka gaya mata gaskiyar abin da ya jiƙa matashin, har da niyyar da ka yi. Ka ba ta haƙuri kan wannan, da kuma kan abin da aka yi wa mahaifiyarta, ko da ba kai ka yi ba. Sannan ka gaya mata yadda babanta ya riƙe gicciyen, ka roƙe ta abu ɗaya: a tambaye shi a gabanta ko yana so a yi masa addu'a, ko yana so Fada ya zo. Babu zancen wuta, babu tsoratarwa. Za ta iya yin fushi, za ta iya korarka, ba zan ɓoye maka ba. Amma wadda ke ba ubanta abinci a baki da wuya ta ƙi jin abin da yake so in an tambaye shi a natse. In ta ƙi, ka girmama gidanta, ka ci gaba da yi masa addu'a a zuciyarka, wannan babu mai hana ka.

Ni ma ban san abin da riƙon nan yake nufi ba. Wataƙila matarsa ya tuna. Wataƙila kira yake. Wataƙila kuma musun da ya saba ne yake yi da hannu tunda baki ya ƙi. Mutum ɗaya ne ya san amsar, yana nan kwance da ransa, yana jin ka. Ka yi shekaru kana magana a kansa da bakinka, yanzu ka yi tambaya ɗaya ka yi shiru.

In ya ce i, ka ruga ka kira Fada, ka tsaya a gefe ka riƙe tawul. In kuma ya girgiza kai, kada ka bari ya ga fuskarka ta sauya. Ka ɗauki rezarka ka yi masa askin da bai taɓa samun irinsa ba, ka wanke masa kai da ruwan ɗumi yadda yake so, ka kuma dawo duk lokacin da gemun ya toho, har ranar da ba za a sake aiko maka ba. Bari ya ga cewa a'arsa ba ta kore ka ba. Mutumin da bai taɓa yarda da abu ba sai ya gani da idonsa, wannan wa'azin ne zai iya gani.

Kada ka jira wani makon, ɗana. Allah ya kwantar maka da hankali, ya sassauta wa Baba, ya ba Anti ƙarfin jinya.

Goggonka