Sarewar Waƙa ta Uku

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar taka? Ina fata ka daina hawa benen makarantar nan da gudu kamar ɗan shekara ashirin. Mu nan lafiya lau, baban yara yana gaishe ka.

Faifan da ka aiko ya iso ranar Talata, tare da shafi huɗu da ka cika da yabonsa. Shekara ashirin da shida ke nan muna wannan musayar, tun kana aiko min kaset a cikin safa, kuma ban taɓa yi maka ƙarya don in faranta maka ba. Yau ma ba zan fara ba.

Yaya, ban gane kan faifan nan ba.

Muryar matar tana da kyau, mai kauri, irin wadda ke zama a ƙirji. Mai gangar ma ya san aikinsa. Amma ka ce waƙa ta uku ce zuciyar kundin, wai a nan sarewa ke amsa mata kowane baiti, har ka ajiye cokali abinci ya huce. Sau biyar na saurari waƙa ta uku. Babu wata sarewa. Matar za ta yi baiti ta yi shiru, ganga ta yi ta bugawa ita kaɗai kamar an bar ta gadin gida, sannan matar ta dawo. Haka har ƙarshe. Na duba bayan kwalin, ga sunan mai sarewa an rubuta da manyan baƙaƙe. To ko an biya shi ne don ya zauna ya riƙe ta?

Abu uku nake zargi. Ko dai an sayar maka da jabu, ko tsokanata kake yi, ko kuma ka karanta yabon da jaridu suka yi wa kundin har kunnenka ya fara jin abin da idonka ya gani. Na ba shi huɗu bisa goma, kuma biyu daga ciki don darajarka ne.

Ni ga nawa na saka maka a ambulan. Wani dattijo ne mai murya kamar daga cikin rijiya, da ganguna uku da babbar jita. Wata biyu ke nan ban cire shi ba. Ka fara da waƙa ta shida. Ka ƙara sauti sosai, don masu ɗaukar waƙa na yanzu ƙasa-ƙasa suke yin komai, ban san me ya same su ba.

Aiki yana nan yadda ka san shi. Keke arba'in ne yanzu a ɗakin ɗinkin, duk ni ke duba su, kuma an ba mu kwangilar rigunan ma'aikatan asibiti. Sabbin 'yan matan da aka ɗauka ba sa buɗe baki in za su yi magana, sai ka ce da haƙora suke ɗinkin.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Kunnen Gida

*

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Anti sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga amsarka. Layi tara kacal, kuma ba ka ce komai kan dattijona ba, don haka na san ka ji haushi. Ka ce kai ka raɗa min Kunnen Gida tun ina 'yar shekara tara, ranar da na gaya wa Baba cewa tsirkiya ɗaya ta saki a rediyo, kuma ba ka taɓa zaton za ka ga ranar da zan yi wa aiki irin wannan rashin adalci ba. Maganar ta tsaya min.

Ranar Asabar na ɗauki faifan na kai shagon mai faifai na bakin kasuwa, wanda ke da fanka mai kaɗa kai. Na ce ya gwada min, ina jin jabu ne. Ya saka a babbar sifikarsa, ya tsallaka zuwa ta uku. Da aka zo wurin da matar ke yin shiru, sai na ga mutumin nan ya lumshe ido yana kaɗa yatsa a iska. Wani mai sayen batir ma ya tsaya da canjinsa a hannu. Mai shagon ya ce, "Hajiya, wannan ai na asali ne. Ji yadda yake jan numfashi kafin ya hau sama."

Na ce, "Wa?"

Ya dube ni, na dube shi. Na karɓi kayana na fito.

A hanya na yi ta lissafin abin. Na ce wataƙila irin kundin nan ne da kowa ke jin kunyar cewa bai gane ba. Amma mai sayen batir fa, wa zai burge? Ranar Litinin na saka wa mai yanka yadi, matar da teburinta ke kusa da ofishina, lokacin hutun rana. Ba ta san komai game da waƙa ba, ita dai a ba ta labarai. Kafin a tashi aiki sai na ji tana rera wani abu da hanci tana yanka hannun riga. Na tambaye ta wace waƙa ce. Ta ce ai ta cikin faifaina ce, abin da sarewar ke cewa. Yaya, karin yana da daɗi. Ban taɓa jin sa ba a rayuwata.

Na canza iyafis ɗin da nake sawa a kunne, na ari rediyon maƙwabta, na goge faifan da gefen mayafi. Duk ɗaya.

A gida ma abubuwa sun ɗan cakuɗe. Baban yara ya ce ina share shi, wai sau uku ya kira ni daga bakin ƙofa ban waiga ba. Na ce shi ne ya koyi magana a cikin gemu tun da ya yi ritaya. Butar shayinmu kuma ta daina kuka, ta ƙone har sau biyu, na ce ya sayo wata, ya tsaya yana kallona kamar na yi wani yare. Kwana biyu muna gaisuwar maƙwabta.

Ban san me nake so ka ce ba. Ka dai rubuto, ko layi tara ne.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yin sa.

Abu ya faru a wurin aiki ranar Alhamis. Ka san tukunyar tururi da ke ɗakin guga, bayan ofishina. Tana da wani ƙaramin bututu da ke yin ƙara in zafi ya wuce kima, kuma aikina ne in kashe ta, don makunnin yana jikin bangona. Ina zaune ina duba takardun awo, sai na ɗaga kai na ga ɗakin ɗinki ya tashi tsaye. Mata arba'in sun bar kekuna suna nuna bayana, bakinsu yana motsi. Na ɗauka ɓera ne. Har na ɗage ƙafa. Mai yanka ce ta ture ni ta kai hannu ta kashe makunnin, kuma kafin nan tururi ya riga ya ƙona mai guga a damtse.

Ƙunar ba ta yi zurfi ba, an ɗaure mata, ta dawo aiki jiya. Amma an ce kusan minti biyu bututun yana ihu, har masu gadi a waje sun ji. Taku huɗu ne tsakanina da shi.

Manaja ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce shekara goma sha tara ban taɓa sakaci ba, don haka in je a duba ni kafin a san abin yi. Na ce a duba me? Ya taɓa kunnensa.

Baban yara ne ya raka ni. Likitar kunne ta saka ni a wani ɗan ɗaki kamar akwatin kaya, bangonsa duk soso, ta ɗora min abin saurare a kai, ta ba ni maɓalli ta ce in danna duk lokacin da na ji ƙara. Da farko na ji, buu, buu, na yi ta dannawa har ina jin daɗin kaina. Sai aka yi shiru. Na zauna ina jira su gyara na'urarsu. Ina hango likitar ta gilashi tana murɗa wani abu tana rubutu, na ce a raina yau kuma kayan aikinsu ya lalace. Da ta buɗe ƙofa na ce, "A ci gaba?"

Ta ce, "Mun gama, Hajiya."

Ta nuna min takarda mai layi biyu da suka taho daidai sannan suka gangara kamar bakin kwari. Ta ce sautukan ƙasa masu kauri ina jin su kamar kowa, amma sirara, na sama, sun tafi a kunnuwan biyu. Ta tambayi aikina, na gaya mata, ta gyaɗa kai kawai. Ta ce ba jiya abin ya fara ba, ya kai shekara biyar ko fiye yana tafiya kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a taimaka da na'ura.

A mota baban yara ya ce butar tana kuka, ba ta taɓa dainawa ba. Ya ce ya ɗauka na sani, ina dai jin nauyin faɗa ne.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ni ban ji komai ya ragu ba. Da ido ne, ai da na ga duhu. Wannan kuwa duniyar tana nan cike, ba gurbin komai. Tun jiya nake zaro wasiƙunmu daga cikin gwangwani ina karantawa. Kundin mawaƙan nan biyu da na ce maka ba shi da gishiri, shekara uku da suka wuce, da wanda na ce mai goge ya yi barci a kan aikinsa, su ne ba su da gishiri ko ni ce? Kai kuma da ka yarda da ni a kan na biyun har ka kyautar da naka, me ka ji? Ban san daga wace shekara zan fara janye maganata ba.

Ka gaya wa Anti, amma kada ka gaya wa Inna tukuna.

Taka,
ƙanwarka

*

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wasiƙarka ta zo, shafi shida. Na gode da ka zauna ka rubuta min abin da sarewar ke yi daƙiƙa bayan daƙiƙa, har da zanen layi mai hawa da sauka. Na yi dariya, na kuma yi abin da ba dariya ba. Na gode kuma da ka ce dattijona ya yi, ko da yake na lura bakwai ka ba shi.

An saka min na'urar makon jiya, 'yan ƙanana biyu masu launin fata a bayan kunne. Kada ka yarda da wanda ya ce maka daɗi ne da ita. Ranar farko cokali ya faɗi a kicin na kusa bin taga. Leda tana ƙara kamar ana soya ta, takalmina yana ƙiƙi, ashe haka nake yawo cikin mutane. Likitar ta ce sai ƙwaƙwalwa ta saba, in ba ta wata biyu.

A wurin aiki an bar min kujerata. An saka jar fitila a saman tukunyar, mai walƙiya in zafi ya hau. Na sa an kawo abin toshe kunne na roba ga duk mai zama kan keke, kuma ni ke tsayawa a ƙofa da safe ina dubawa. 'Yan matan suna cewa yana hana su hira. Na ce su yi hirar a gida, da kunnuwansu.

Na saurari waƙa ta uku. Akwai sarewa, ka yi gaskiya, na janye huɗuna. Amma ba zan iya ba shi maki ba tukuna. Ta na'urar nan sarewar kamar ana busa ta cikin gwangwani take, kuma na riga na saba da wurin nan a buɗe, har nakan ji kamar mutumin yana katse matar. Ban san wanne ne kundin ba, wanda kuke ji ko wanda na haddace. Ka bar ni da shi zuwa wani lokaci.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya da safe ina ninke kaya a ɗaki, sai na ji wani siririn sauti daga tsakar gida, yana hawa yana sauka, yana kaucewa hanya yana dawowa. Na duba na'urar, na ɗauka batir ne. Na leƙa ta taga. Baban yara ne zaune kan ɗan benci, ya baje takalma yana shafa musu mai, yana fito.

Yaya, ka san shi. Mutumin da a shekara ashirin da huɗu na zamanmu ba ya rera ko tallar sabulu. A farkon aurenmu ya taɓa gwadawa sau ɗaya, na ce masa ya rufa wa waƙar asiri, bai sake ba. Na tsaya ina saurare, sai na gane waƙar dattijona ce, ta shida, ya bi ta tun daga farko har amshi. Ya gama ya kama wata, cikin waɗanda ka aiko min tun yara suna firamare. Duk ya haddace su. Duk kuma a karkace.

Na fito na ce, "Yaushe ka fara wannan?"

Ya ajiye burushi. Ya ce, "An kai shekara huɗu. Wata rana ya kuɓuce min kina kusa, ba ki ce komai ba. Na ɗauka kin haƙura da ni ne."

Tun daga shekaranjiyar nan bai sake yi a gabana ba. In na shigo sai ya kama bakinsa, ya hau tari.

Don haka yau da safe na fito da akwatin na'urar na ajiye a kan tebur inda zai gani, a rufe, na ja ɗankwali na rufe kunnuwana, na zauna a bakin taga da wannan takardar. Akwatin babu komai a ciki. Ya leƙo sau biyu, ya dubi teburin, ya koma wurin takalmansa. Yanzu haka da nake rubuta maka ya kai baiti na biyu, kuma ya sake kauce wa karin a daidai inda ya kauce shekaranjiya. Wannan ba zan aiko maka ba, kuma ba zan ba shi maki ba.

Ka gaida Anti da yara. Inna kuma ka bari ni zan gaya mata da bakina.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Kunnen Gida