Takardar da Ka Cike wa Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya yara. Mu ma nan alhamdulillahi. Kawu ya tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, maigidana yana ta fama da aiki, ni ma na koma aji bayan hutun da na roƙa. Yau kwananmu tara da dawowa, ni da Inna. Da gangan nake ƙin ɗaukar wayarka, don na san in na buɗe baki zan faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko alƙalami zai fi harshena ladabi.

Kai ka kawo maganar tafiyar nan. Kafaɗar Inna ta dama ta riƙe har ta kai ba ta iya ɗaura ɗankwali, keken ɗinkinta ya yi wata biyar a lulluɓe. Ka ce ka gano wani asibiti a waje mai na'urar da ke aika bugun sauti cikin tsoka, ta sassauta abin da ya daskare, ba tiyata ba allura. Ka ce ka gama da dillalin da ke shirya wa marasa lafiya tafiya, ka cike takardu, ni nawa rakiya kawai. Ka kuma faɗa mata da bakinka a waya, ina zaune ina ji, cewa za ka same mu can tunda awa biyu ce a jirgi daga inda kake. Yaya, matar da ko bene ba ta son hawa, ita ce ta yarda ta shiga jirgin sama. A tunaninka don kafaɗa ta yarda? Shekara shida rabonta da fuskarka.

Ranar farko a asibitin, likitar ta duba hoton kafaɗar, ta sa tafinta ya tambayi ko Inna na shan wani magani. Na zazzage mata ledar magunguna a kan tebur. Ta ɗauki kwalin maganin tsinka jini, ta dubi takardar da ka cike, ta dube ni. Ta ce a takarda an rubuta ba ta shan komai. Ta ce da ba ta tambaya ba, na'urar tana iya tara mata jini a cikin jiki, don haka ba za ta taɓa ta ba sai da izinin likitan zuciyarta na gida. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara biyu Inna na shan maganin nan safe da yamma, tun kwanciyar da ta yi, wadda ka aiko da saƙon Allah ya sawwaƙe ka koma harkarka. Me ya hana ka kira ni ka tambaya? Kira ɗaya fa. Ka zauna ka cike takardar lafiyar mahaifiyarka da ka, kamar kana cike ta baƙo. Kuma ka san abin da Inna ta yi? Ta ce wa tafinta ya faɗa wa likita kada ta ga laifinka, aiki ne ya yi wa ɗanta yawa.

A nan kuma muka ji cewa zama biyar ake yi, mako-mako, alhali tikitinmu na kwana goma ne. Dillalin naka ya san haka sarai, shi ya sa daga ranar wayarsa ta daina shiga. Kwana huɗu muka yi jiran takarda daga gida, a wani ɗaki a hawa na bakwai mai taga da ba ta buɗuwa. Kullum da safe Inna za ta yi wanka, in ɗaura mata ɗankwali, mu sauka ta zauna a kujerar da ke fuskantar ƙofar otal. Har maigadi ya gane, ya riƙa hana wasu zama a kujerar. Duk namijin da ya shigo da jaka sai ta ɗaga kai. Rana ta shida saƙonka ya shigo, wai taro ya taso a wurin aiki. Ba ka ma yi ƙarfin halin kiranta ba, ni ka turo wa, ka bar ni da faɗa. Da na faɗa mata, to kawai ta ce, sannan ta ce in kwance mata ɗankwalin, ya matse mata kai.

Zama biyu ta samu, su ma sai da likitar ta matso da su kusa da juna saboda tikitinmu, da ƙarfin na'urar a rage. Ana shafa mata wani mai mai sanyi, a ɗora kan na'urar, ta yi ta ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙusa. Inna ta damƙe hannuna hawaye na zuba, ta ce zafin injin ne. Ban musa mata ba. A ranar zaman farko kuma na buɗe waya na tarar ka saka hotonmu na filin jirgi a zauren dangi, ana ta sa maka albarka, ɗa nagari ya fitar da uwa waje. Wallahi na rubuta amsa sau uku ina gogewa.

Da muka dawo, likitan zuciyarta ya girgiza kai ya tura mu wani wurin gashin ƙashi da ke bayan kasuwa. Yaya, na'urar ce sak, har kalarta. Minti ashirin a tasi daga ƙofar gidanmu. Shekaranjiya ta yi zama na uku in an haɗa da na waje, hannun ya fara ɗaguwa har kunne.

Ta ce in rubuta maka cewa tafiya ta yi kyau, ta gode, Allah ya yi maka albarka. Na isar da saƙonta. Sauran duk nawa ne, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Kada ka aiko da tsaraba, ba mu so. Jiya ina shafa mata magani ta tambaye ni ko fasfonta yana nan da sauran kwana, wai gwiwarta ma ta fara damunta, ko za ka samo mata wani asibitin a garin da kake. Gwiwarta lafiya lau take, Yaya. Na ce zan duba, na shiga banɗaki na rufe ƙofa.

Ka gaida matarka, ka gaida takwarar Inna da ƙaninta da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, maigidana ma haka. Allah ya huci zuciyata, ya juyo da taka.

Ƙanwarka,
Auta