Bim Ɗin Ya Ƙi Bin Gangare, Oga Kuma Ya Ce In Koyar

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, na rasa wanda zan tunkara.

Ni mai zanen gine-gine ce. Na ajiye aiki na yi renon yara, da na dawo sai na tarar an tafi an bar ni. A da layi muke ja. Yanzu akwai manhajar da ake tayar da ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, da bango da ginshiƙi da bim, wato dogon kankaren da ke kwanciya kan ginshiƙai ya ɗauki rufi. Na daure na koya, har na fara sakin jiki. Sai Oga ya ba ni ɗakin taron wata makaranta mai rufi gangare, dole bim ɗin ya bi gangaren.

Anti, bim ɗin nan ya gasa mini aya a hannu. In na ɗaga kansa ɗaya, sai ɗayan ya saki ginshiƙi ya tsaya a iska. In na juya shi, sai ya huda rufi ya leƙo waje. Na kalli bidiyo har idona ya yi ja, mai bayanin yana sauri kamar an biyo shi. Tambaya kuwa na kasa, don a ofis har yanzu Gwana suke ce mini.

Da lokaci ya ƙure sai na bar bim ɗin a miƙe, na ɓoye shi, na ja karkatattun layuka a kan zanen da ake bugawa a takarda. A ido ya yi kyau. Oga ya yaba, har ya ce mako mai zuwa in tsaya gaban kowa in nuna yadda na yi. Ya kuma ce in tura wa injiniya ginin da ke cikin kwamfutar ya yi lissafin rodi da shi. Maigidana ya ce in ja bakina, ai injiniya zai gani ya gyara, shi da ko ƙusa bai taɓa bugawa daidai ba. In na faɗa, ina tsoron a ce zaman gida ya cinye mini kai, a sallame ni. In na yi shiru, na san na tura wa injiniya ƙarya. Yaya zan yi?

Mai Zane

’Yar’uwa Mai Zane, sannu. Ni ban san kan wannan sana’a ba, don haka na kai kukanki wurin ƙanin mijina, injiniya ne. Sai da ya dara, ya ce wannan bim ɗin ya sa masu gemu ma zufa. Shawararsa: ki bar ɗakin taron tukuna. Buɗe sabon shafi, ki kafa ginshiƙai biyu, dogo da gajere. Kada ki juya bim ɗin, ki ba kowane kai nasa tsayin daban. Ko kuma ki fara shimfiɗa gangaren rufin, sannan ki zana bim a kansa, ki duba ta gefe. Ya ce manhajoji sun bambanta, saboda haka ki ja kujera kusa da wata abokiyar aiki ki tambaya.

Tsoronki ba na banza ba ne, maigidanki ma ke yake karewa. Amma injiniya abin da aka ba shi yake lissafawa. Zai iya ganewa, zai iya kuma wucewa. Kada ki tura komai sai kin ga Oga ku biyu, ki ce masa na takarda daidai ne, na kwamfuta bai gyaru ba, ki nemi kwanaki kaɗan. Zai iya faɗa, ba zan ce miki ba zai sallame ki ba. Amma wadda ta kawo kuskurenta da kanta ta fi wadda aka kama samun sauƙi.

Ki tuna, yara ne za su zauna ƙarƙashin rufin nan, sa’annin waɗanda kika ajiye aiki dominsu. Ki je wurin Oga gobe da safe. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kuma tsare miki aikinki.