A Maido Mana Firigon Labo, Ɓerayena Sun Mutu a Banza

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashenmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya da iyali.

Mushe, ranka ya daɗe, ni ne Sanusi ɗan Dogo, ɗalibin nan da ke wucewa ta ƙofar bironka yana warin ɓera. A gida mahaifina kashe su yake yi a rumbu, ni kuwa Damagaram aka turo ni karatu, na ɓuge da share musu ɗaki. Innata tana gaya wa maƙwabta wai likita nake zama, ban taɓa gyara mata ba.

Na ɗaya, aikina. Ina ciro ƙululun da ke tsatso miyau a ƙarƙashin muƙamuƙin ɓera, in yanka shi siriri, in rina, in duba a mikroskop, madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, don gano inda anzim yake taruwa cikin kowace ƙwayar halitta. Anzim shi ne sinadarin da ke fara narkar da abinci tun a baki. Zafi yana kashe shi, shi ya sa naman ke zama a firigo.

Na biyu, abin da ya faru. Ranar Alhamis da ta wuce, ana tsananin bazara, kuka yi baƙi. Aka ɗauke firigon labo, ɗakin bincikenmu, zuwa zauren taro don sanyaya lemo, aka jera kwalabena na naman ɓera a kan taga. Ina ina? Ina zauren, a sahun gaba, ina tafi. Lemo biyu na sha, har ina ce wa na kusa da ni yau sashe ya yi abin kai. Da na koma labo na rina naman, fari fat ya fito, zafi ya kashe anzim ɗin. Aikin shekara ke nan, ga sutanas, wato ranar kare bincikena, wata mai kamawa.

Mai gadi ya ce umarni ne daga sama. Na duba, sama da shi sai kai.

Roƙona: a maido firigo, a ba ni sababbin ɓeraye, a ɗaga mini sutanas zuwa bayan damina. Ban nemi a hukunta kowa ba, don da ni aka sha.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba baƙinka lafiya. Har yau ban gaya musu abin da ya saba zama a inda aka sanyaya lemonsu ba, kuma in aka duba kukana ba za su ji daga bakina ba.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Sanusi